Tudun da Muka Kwashe a Tifa

Ni fa abin da ke ba ni haushi da yaran yanzu, ruwa yana tasowa su kuma hoto suke ɗauka. Bana da kogin Kwara ya fara cika, ina zaune a ƙofar shagona a unguwar Fegge, nan Anaca, sai ga jikokina sun dawo daga bakin kogi suna ta dariya, kowa yana miƙo mini waya wai in ga yadda ruwa ya shanye matakalar da masu kwale-kwale ke sauke doya. Ɗaya har yana ce mini, "Baba Alhaji, si wota!" wai ga ruwa da Turancinsu, kamar an kawo masa tsaraba. Na ce su ɓace mini da gani. Su abin kallo suka samu, ni kuwa na san daga inda ruwan ya fito. Kogin nan da ke wucewa ƙarƙashin gadar Anaca shi ne dai wanda ya ratsa bayan garinmu can arewa, kuma duk ruwan da ya iso nan da kumfa da karan dawa a kansa, to ya riga ya shiga ɗakin wani a can. A garin kuwa akwai yayata, uwa ɗaya uba ɗaya, ita kaɗai ta rage mini. Ƙafafunta sun daina ɗaukarta, kuma in ruwa ya zo babu inda za a kai ta, domin tudun da muke hawa a da babu shi. Yadda aka yi babu shi, ni na fi kowa sani, shi ya sa nake ta faɗa da kowa.

Garinmu a fadama yake, shimfiɗe kamar faifai, kuma ba wauta ce ta sa kakanninmu suka zauna a wurin ba. Ƙasar tana ba da shinkafa da damina, ta ba da albasa da rani, kogi ya ba da kifi kullum. Abin da ruwa ke karɓa wata ɗaya ne, wani lokaci biyu, a ƙarshen damina. Kowa ya san da wannan, ba mai kuka. Gabas da gari akwai tudu guda ɗaya tak, na jan ƙasa, mai faɗin da zai ɗauki garinmu da ƙauyuka biyu na maƙwabta har da dabbobinsu. Tsamiya da kanya ne a kansa. Ba a noma shi, ba a gini a kansa, ba a sarar itacensa, ba a ɗibar ƙasarsa ko cikin tafin hannu. Kowane gida yana da gurbinsa, alamar kuwa duwatsun murhu uku ne da ake bari a wurin shekara da shekaru. Namu suna gindin wata kanya mai karkata, Inna ta gaje su daga surukarta, kuma ko da rani in muka je kiwo muna gane su, sun yi baƙi ƙirin da hayaƙi.

Mai kula da wannan duka shi ne Sarkin Ruwa, wani tsoho siriri mai ido ɗaya, wanda ban taɓa jin ya ɗaga murya ba sai da ƙaho. Yana da turke mai tsaga uku da ya kafa a bakin kogi. In ruwa ya taɓa tsagar farko, sai ya bi gida-gida da sandarsa yana cewa a gyara jirage, a toshe ɓarakarsu da tsumma. In ya taɓa ta biyu, a kwashe hatsi da iri da tsofaffi da masu ciki. In ya kai ta uku, sai ka ji ƙaho da hantsi, buuu, buuu, buuu, daga nan kuwa ko tuwo ne a hannunka, da shi za ka tafi. Har yau in na rufe ido ina jin hayaniyar ranar: akuyoyi suna kuka a cikin jirgi an ɗaure musu ƙafafu, kaji a akurki, tukwane suna karo da juna, gora tana shiga ruwa tana fita, mata suna kiran 'ya'yansu ɗaya-ɗaya da ƙarfi. Aikina shi ne ɗaukar turmi da taɓarya. Na Yaya kuwa tulun iri, wanda Inna ba ta yarda kowa ya taɓa sai ita, wai ni hannuna yana rawa. Yaya ta girme ni da shekara bakwai, ita ta goye ni, kuma Auta take ce mini tun ina cikin tsumma har na yi furfura.

A tudu kuwa, wallahi ban san ana kiran wannan abu bala'i ba sai da na girma na ji a rediyo. Kafin la'asar an kafa bukkoki da zana, hayaƙi ya tashi ta ko'ina. Da safe dakan mata ne ke tashinka, lugude daga wannan gefe ana amsawa daga wancan. Maza su shiga jirgi su koma gari su duba katangar da ta faɗi, su dawo da tarwaɗar da suka kama a tsakar gidajensu. Liman ya ja salla a gindin tsamiya, garuruwa uku a sahu ɗaya. Ba na cewa babu wahala. Akwai sauro, akwai macizai da su ma tudun suke nema, akwai zawo da ke ɗaukar jarirai wata shekarar. Amma ba wanda aka taɓa bari a baya. Tsohuwar da ba ta da ɗa, Sarkin Ruwa ya san jirgin da zai ɗauke ta tun kafin damina ta faɗi. Makaho ya san wanda zai ja masa sanda. Yanzu fa? Yanzu sai an tara mutane a ɗakin taro mai sanyi a birni, an sha lemo, sannan a rubuta a allo wai su waye ruwa ya fi cutarwa. Tsohon nan da bai san ko bihim ba ya san su gida-gida, kuma shi da ƙafarsa yake zuwa ya ƙwanƙwasa musu ƙofa.

Shekarar da aka sa mini rana, na tashi gina ɗakin amarya. Ƙasar fadama baƙa ce, in ta bushe sai ta tsattsage, ni kuma a lokacin kaina yana hayaƙi, ina so ɗakina ya fita daban. Sai na ɗauki jakin Baba da mangala, da tsakar rana lokacin da kowa ke gonar albasa, na bi ta bayan tudu na yi ta sara. Kwana uku ina yi. Na kwaɓa, na yi tubali jajaye masu kyau, na jera su a bayan gida na rufe da zana, ina ganin na yi dabara. A rana ta huɗu Yaya ta zo gaida Inna, domin a lokacin tana aure a unguwar masunta. Ta dubi jakin, ta dube ni.

"Auta, me ya sa ƙafar jakin nan ta yi ja?"

Na ce ban sani ba, jaki ne, inda ya ga dama yake takawa.

"To, tun muna mu biyu, ka mayar da abin da ka ɗebo."

Na ce ba zan mayar ba, tudu ba na ubanta ba ne. Ta ce na faɗi gaskiya, kuma tunda ubanmu ɗaya, ba na ubana ba ne ni ma. Ta gyara goyonta ta fita, kai tsaye sai gidan Sarkin Ruwa. Yayata ce ta kai ƙarata, ba wani bare ba.

Tsohon bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya zo ya yaye zanar, ya juya tubali ɗaya a hannu, har ya yaba kwaɓin. Sannan ya ce, "Samari, kowane kwando da ka ɗebo, wurin tabarmar wata tsohuwa ne. Za ka farfasa su ka mayar. Kuma ba da jaki ba, jaki bai yi laifi ba." Ranar kasuwa ya ce in fara. Na ɗora kwando a ka, na ratsa tsakiyar kasuwa zuwa tudu, na juye, na dawo, tun hantsi har rana ta yi ja. Ƙasa tana zubo mini a fuska tana haɗuwa da gumi. 'Yan mata masu tallar fura suka biyo ni da tafi suna waƙa, "Ango mai jan kai, ina za ka da kwando?" Wadda zan aura tana cikinsu, ta rufe baki da mayafi amma kafaɗunta suna rawa. Baba ya yi wata guda bai leƙa kasuwa ba. An yi auren, a ɗakin baƙar ƙasa, amma ban ƙara shekara a garin ba. Na hau motar albasa na yo Kurmi, ina rantsuwa a raina sai na dawo na gina gidan da ba wanda ya isa ya ce in rushe.

Na sauka Anaca ban san ko "zo" da Ibo ba. Na yi dako, na yi gadin kaya, na kwana a kan buhunan albasa har warinta ya zama warina. Allah Ya buɗa, na samu rumfa kusa da kasuwar Ochanja, daga baya shago a Fegge. 'Ya'yana a nan aka haife su, Ibo a bakinsu zar-zar, Hausarsu kuwa sai ka yi haƙuri. Samarin garinmu suka yi ta biyo ni, wasu nan, wasu Inugu wajen kasuwar Artisan, wasu Fatakwal, wanda bai samu albasa ba ya hau okada, acaɓa ke nan. Sarkin Ruwa ya rasu, ɗansa da ya kamata ya gaji ƙahon yana Fatakwal yana sayar da agogo da tabarau. Aka gina wata madatsar ruwa can sama da mu, wani mai babbar riga ya zo gari ya ce daga yau an ɗaure kogi, ruwa sai da izini. Aka kuma yi shekaru a jere ruwa bai shigo gari ba. Mutane suka sayar da jirage, wasu suka fasa su suka yi ƙyaure. Turken bakin kogi wani ya tumɓuke ya ɗaure saniyarsa.

Mu 'yan Kurmi muna da ƙungiya, ni ne shugaba don na fi kowa daɗewa. Wata Lahadi bayan la'asar muka taru a ƙofar shagon nan, aka shimfiɗa tabarmi, har na Inugu da Fatakwal sun zo. Magana biyu ce: kowa yana son gidan bulo da kwano a gida, kuma muna son hanyar da mota za ta shiga har bakin gonaki ta ɗauko albasa. Duka biyun suna son ciko, domin a fadama in ba ka ɗaga harsashi ba danshi zai ci ginin. Wani ya ce kawo jan ƙasa daga nesa ba ƙaramin aiki ba ne. Sai na ji bakina yana cewa, "Ga tudu can a zaune, uban me yake yi mana?" Wani dattijo cikinmu mai sayar da goro ya ce, "Alhaji, tudun fa?" Na ce masa zamanin ƙaho ya wuce, yanzu injiniyoyi ne ke riƙe da ruwa. Aka yi dariya, aka shafa fatiha. Haka kawai aka yanke, a kan tabarma, a garin da ke da tafiyar kwana biyu daga tudun, kuma cikinmu ba ko ɗaya da zai kwana a gida in ruwa ya zo.

Mai gari bai hana ba, don gidansa aka fara yi wa ciko. Katafila ta zo da tifa biyu. Na je gida da kaina, na tsaya da babbar riga ina kallon bakin katafila yana cizon inda na taɓa sara da diga, kuma ba zan yi ƙarya ba, daɗi na ji. Tsamiyoyin suka kwanta ɗaya bayan ɗaya, mata suka zo da gatari suna murna an samu itace. Ina nan tsaye sai ga Yaya da sandarta, a lokacin ƙafar ta fara damunta amma tana takawa. Ta wuce ni ba sannu, ta je gindin kanyar nan ta sunkuya ta kwashi duwatsun murhun Inna ta zuba a zaninta. Sannan ta dawo ta tsaya a gabana, leburori da direbobi suna kallo.

"Auta, ashe har yanzu kwandon nan bai sauka daga kanka ba?"

Na ce, "Yaya, ci gaba ne. Ku ba ku san duniya ta canja ba."

"Duniya ta canja. Ruwan fa, an gaya masa?"

Na ce ai an ɗaure shi.

"Ranar da za su kwance shi ba za su tambaye ka ba. Kana Kurmi a kan bene, ni ina nan."

Ta juya ta tafi, duwatsun suna rinjayarta gefe ɗaya. Cikin rani biyu tudu ya zama kududdufi, yara suna kama kwaɗi a ciki. Gidana kuwa ya tashi, ciko har ƙirjin mutum, bulo, rufin kankare, katanga da ƙofar ƙarfe. Kwanakin da na kwana a cikinsa tun da aka gama ba su cika wata uku ba. Sauran lokaci a kulle yake, makulli yana aljihuna a Anaca.

Ruwa ya dawo. Ba turke, ba ƙaho. An ce wai an yi sanarwa, an tura saƙo a waya, da Turanci, ga mutanen da wayarsu sai ranar kasuwa take ganin caji. Kuma ba a hankali ya zo ba kamar da, taki ɗaya yau taki ɗaya gobe. An buɗe ƙofar madatsa ne, sai ya zo gaba ɗaya. Hanyar da muka yi ta tare shi, ta juyo da shi cikin unguwar masunta. Gidajen bulon da muka ɗaga suka tsaya ƙyam, ruwan da ya kamata ya bazu a wurinsu ya gangara ɗakunan ƙasa na waɗanda ba su da ɗa a Kurmi. Ka ji aikin hankali! Mun kwashe mafakar kowa mun zuba a ƙarƙashin gidajen da ba kowa a ciki. Wa ma ya rage a garin? Tsofaffi, mata masu goyo, da yara. Majiya ƙarfin duk muna nan muna sayar da albasa da agogo. Jirgi uku ne a garin gaba ɗaya. Da ƙyar aka kwashe mutane zuwa wata makarantar firamare a wani gari, aka zo da motoci aka raba bokiti da taliya, aka jera tsofaffi aka ɗauke su hoto suna riƙe da bokitin, motoci suka tafi. Iri kuwa ya jiƙe ya tsiro a buhu, wanda ya rasa shi ya rasa noman baɗi ma.

Akwai wata 'yar Ibo da ke kawo doya a kwale-kwale daga ƙauyukan ƙetaren kogi, mun saba shekara da shekaru, Hausarta ta fi ta jikokina. A shekarar ta zo hannu biyu, ta zauna a bencina tana ba ni labarin yadda suka tone doyarsu ba ta ƙosa ba, ta ruɓe a hannunsu, da yadda aka ɗora surukarta a kan ƙyaure aka tura ta a ruwa. Ta ce, "Alhaji, ku duk kuna nan, wa ke tura wa tsofaffinku jirgi a gida?" Washegari na aika a sassaƙa jirgi biyu. Na kuma tara ƙungiya na ce a mayar da tudu. Wani yaro da na haifi kamarsa ya ce, "Alhaji, daga ƙarƙashin gidan wa za a fara tonowa?" Taron ya watse a nan.

Daga nan na shiga roƙon Yaya ta dawo Anaca. Na aika ɗanta babba, manomi, wanda bai taɓa barin garin ba. Na aika liman. Na je da kaina na durƙusa. Ta ce, "In zo in yi me? In zauna a bene kamar tantabara ina jin yaren da ban sani ba? Matan garin nan wa zai karɓi haihuwarsu?" Ungozoma ce, ko da ƙafa ta ƙi, a amalanke ake zuwa ɗaukarta. Na ce to ta koma gidana na bulo, ga ɗakuna nan ba kowa. Ta ce ita ba za ta iya barci a kan wurin tabarmar mutane ba. Kai, taurin kai! Duk gidanmu haka muke, ba mai ce wa wani ya yi haƙuri. Na yi fushi na ce ta yi abin da ta ga dama, muka yi wata shida ba mu gaisa ba. A shekarunmu fa, ni da furfura, ita ba haƙori.

To, ranar da jikokin nan suka nuna mini hoton matakala, na kira ɗan nata. Ya ce ruwa yana bakin unguwa, tsohuwa kuma ba lafiya, zazzaɓi da zawo. Na ce a kai ta gidana ko tana so ko ba ta so.

"Kawu, a kulle yake."

"Ku fasa! Ku fasa ƙofar, me kuke jira?"

Ya ce sun ji nauyi ne. Nauyi! Ruwa yana cin gari, su suna jin nauyin kwaɗon Alhaji. Suka fasa. Kafin yamma ruwa ya shiga ɗakunan ma, duk da cikon, sai rabin unguwa suka hau rufin kankare, ba inuwa, ba murhu, ba makewayi. A cikin tabarma aka ɗaga ta aka hau da ita. Ɗan nata ya kara mata wayar a kunne. Na ce, "Yaya, sannu. Ina nan tafe." Muryarta ta yi ƙasa, sai da na toshe ɗaya kunnen. Ta ce, "Auta, rufin naka akwai zafi." Sannan ta ce in gaida yara.

Na hau mota da asuba. Ba mu wuce Lakwaja ba. Ruwa ya hau titi, manyan motoci sun yi layi iya ganinka, albasa da tumatir suna ruɓewa a rana. Kwana biyu ina zaune a inuwar wata tirela, carbi a hannu, waya a cinya. A rana ta uku da hantsi ta yi ƙara.

"Kawu, sai haƙuri. Tsohuwa ta cika."

Na yi salati. Na tambaya ko an yi mata sutura. Ya ce mata sun kewaye ta da zannuwa sun yi mata wanka a kan rufin, liman ya ja salla, mutane a tsaye kafaɗa da kafaɗa. Sai dai maƙabarta tana ƙarƙashin ruwa, ko kan itatuwanta da ƙyar ake gani.

Suka sa ta a jirgi, su huɗu, suka shiga neman busasshiyar ƙasa. Duk inda suka samu sabis sai ya kira ni. Ƙauyen farko ruwa ne. A na biyu sun tona kamu biyu, ruwa ya ɓuɓɓugo. A na uku mutanen suna kan titi su ma da kayansu da akuyoyinsu, ba inda za a sa diga. Rana tana dukan likkafani, sai suka rufa mata tabarma. Matar da ta karɓi haihuwar rabin garin, ga ta tana yawo a kan ruwa ana neman mata taki shida. Ni kuwa ina gefen titi ina cewa to, to, to, ba abin da na iya sai wannan. Sai bayan la'asar suka isa wani gari a kan dutse wanda ban taɓa takawa ba, sunansa ma sai da ya maimaita mini sau biyu. Mutanen kirki ne, suka fito da diga da shebur, suka ba ta wuri a gefen nasu.

Da suka gama ya sake kira. Ina jin iska da muryoyin mutane a bayansa.

"Kawu, an rufe ta. Amma ga wani dattijo nan ya tsare ni da tambaya. Ya ce yana yaro ya taɓa bin babansa garinmu sayen kifi lokacin ruwa, ya ga wani babban tudu mai tsamiyoyi, cike da mutane da hayaƙin girki. Yana tambaya ina tudun ya tafi, har muka zo nan da gawa. Me zan ce masa?"

Na ce, "Ba shi wayar."

Dattijon ya yi sallama, ya yi mini gaisuwar rashi, ya tambayi iyali, ya tambayi gajiyar hanya. Na amsa duka. Sannan na ce, "Malam, tudun da kake tambaya ba ruwa ne ya ci shi ba. Ni ne ƙanenta. Ni na kwashe shi."

Dattijon ya ce, "Allah Ya jiƙanta." Ya mayar wa ɗan nata wayar.